Oriyanteshan ɗin jami'a daban, na kam daban

Ƙanwata, kin tambaya ko oriyanteshan ɗin da aka ce ku je a jami'a irin wanda yayanki ya yi ne a kam, wato sansanin 'yan bautar ƙasa, har kina fargabar fareti. Kwantar da hankalinki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Naku na sababbin ɗalibai ne, za a tara ku a babban hol a nuna muku laburare da kilinik da ofishin harkokin ɗalibai, a karanto muku dokoki musamman na satar amsa wanda kan jawo kora gaba ɗaya, kuma galibi a nan za ki gane malamin da zai sa miki hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, don Allah kar ki biye wa masu cewa ɓata lokaci ne.

Na yayanki kuwa na 'yan bautar ƙasa ne, NYSC, shirin da gwamnatin Gowon ta kafa a 1973 bayan yaƙin basasa. Sati uku cur a sansani, sojoji su tashe ku tun kafin asuba, fararen kaya, fareti, lacca, koyon sana'a, ranar fita a miƙa wa kowa takardar inda zai yi aiki. Hukumar NOA, wato National Orientation Agency, ita ma da kalmar oriyanteshan a sunanta, amma ita wayar da kan jama'a take yi.

Ki tafi da biro da ɗan littafi, za ki buƙace su.