Me ya sa mai saye ke yanke farashin madara, mai shanu yana kallo?

Tambaya: Malam, mu ke kiwo, mu ke tatsa, amma kamfanin da ke karɓar madararmu shi ke yanke farashi. Me ke jawo haka, kuma ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tushen matsalar yana cikin madarar kanta. Mai hatsi in kasuwa ta faɗi sai ya mayar da buhunsa rumbu ya jira. Kai ba ka da wannan damar. Madarar da aka tatsa da asuba, in ba a sanyaya ta ba, kafin rana ta take ta fara tsami, kuma gobe ma dole a tatsi saniyar ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Mai saye ya san haka sarai. In kuwa motarsa ce kaɗai ke shigowa yankinku, ciniki ya ƙare tun kafin a fara.

Haka masu shanun gundumar Kaira a Indiya suka sha fama da kamfanin Polson, har a 1946 suka daina ba shi madara, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a garin Anand, wadda ta zama Amul, shahararriyar ƙungiyar masu madara ta Indiya. Tarayyar Turai ma a 2012 ta ba ƙungiyoyin masu shanu izinin yin ciniki da kamfanoni da murya ɗaya.

Amma a ganina, ƙungiya ba tare da tankin sanyi ba taron hira ce kawai. Tankin da ke riƙe madara a sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius shi ke ba ku sararin cewa "albarka" ku nemi wani mai saye. Sai awo. Kamfanoni da yawa suna biya ne gwargwadon maiƙon madara, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, domin mai saye shi ke gwadawa, shi ke rubutawa. Ku mallaki sikeli da na'urar gwaji naku, a auna a gaban wakilinku. Yarjejeniya kuma a rubuce, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar madarar da aka ƙi karɓa.

Kafin ku zauna ciniki, ku lissafa abin da lita ɗaya ke ci muku: dusa, magani, sufuri, har da ladan wahalarku, wanda yawanci ake mantawa da shi. Kuma ku ja kunnen membobi, domin in wasu suka riƙa zagayawa suna sayarwa a ɓoye saboda ɗan ƙarin kuɗi, tankin ba zai cika ba, kamfani kuma zai koma bin ku ɗaya bayan ɗaya.