"Wace ce uwata?" Amsa ga wata Mama daga Sabon Tasha

Tambaya: Fasto barka da aiki. Ɗana ne tunda ya shiga ƙungiyar matasa a coci baya zaman gida, ko aike baya zuwa min, in nayi magana sai yace ai Yesu ma cewa yayi wace ce uwata, masu yin nufin Allah sune danginsa. Da gaske Yesu ya ƙi uwarsa?

Amsa: Mama sannu da haƙuri. Maganar tana Markus 3:31-35, tana kuma Matiyu 12 da Luka 8, amma yaron nan daga tsakiya ya kama karatun. Ki koma aya ta 20 da 21 a Markus 3, jama'a sun cika gida har Yesu da almajiransa basu samu sukunin cin abinci ba, danginsa da suka ji sai suka taso su kamo shi wai ya fita hayyacinsa. Kinga ba gaisuwa ce ta kawo su ba, so suke su maida shi gida ya bar aikin. Shi yasa ya dubi na zaune kewaye da shi yace ga uwata ga 'yan'uwana. Ba wanda ya kora, gidan ya ƙara wa faɗi, yadda a zumuntar mata kike ce wa wadda baku haɗa ko ƙabila ba 'yar'uwa.

Kuma in yin nufin Allah ne ma'aunin, wa ya riga Maryamu uwar Yesu? Ita ce tace ni baiwar Ubangiji ce a Luka 1:38, alhali ta san cikin nan zai iya jawo mata abin kunya a Nazarat.

Inda nafi so ɗanki ya duba shine Markus 7:9-13. Can Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, wato wasu malaman addinin Yahudawa, sosai saboda mutum sai yace abinda zan taimaki iyayena da shi Korban ne, wato na ba Allah, shikenan ya zame daga kula da su. Gaskiya abinda yaron yake yi kenan, sai dai shi lokacinsa ya maida Korban ba kuɗi ba. Yesun da yake kafa hujja da shi yana rataye kan gicciye ma sai da ya damƙa uwarsa hannun almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19:26-27).

Kada ki hana shi zuwa coci, kada kuma kiyi masa faɗa gaban ƙannensa. Ki bari yaci tuwon dare, ki miƙa masa Littafi Mai Tsarki kice idonki baya gani sosai, ya karanta miki Markus 7 da ƙarfi.