Tambaya da Amsa: Ina Aiko Kuɗi Daga Jidda, Ƙannena Na Zaune Ba Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Argungu ne, ina aikin tuƙi a Jidda. Duk wata ina aiko wa gida kuɗi. Ƙannena biyu sun gama makaranta, ba aikin yi. Bara na turo musu kuɗin noman shinkafar rani, da aka yi girbi suka ce an faɗi, kuma ba wanda ya nuna mini lissafi. Ina son in sake gwadawa, amma ina tsoron ɓacin zumunci. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa nemanka albarka. Kafin ka sake turo ko sisi, raba kuɗinka gida biyu, kuma ka faɗa musu da bakinka. Na cefane da magani da hidimar iyaye kyauta ne, ba ka bin kowa lissafinsa. Na noma kuwa jari ne, ya bi ta wani asusu daban. Matuƙar suna shigowa tare, ranar da Inna ta kwanta rashin lafiya kuɗin taki za a taɓa, kuma ba ka da bakin magana. 'Yan Najeriya da ke waje suna aiko kusan dala biliyan 20 a shekara bisa ƙiyasin Bankin Duniya, mafi yawan kuɗin a ci da sha da makaranta da gini suke ƙarewa.

Mu mutanen Kabi mun ga darasin a ƙofar gidanmu. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a watan Nuwamba 2015. Noma ya bunƙasa, har aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a garinku a 2017. Amma da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na gwamnati, ba su biya ba. Kuɗin da ya zo daga nesa ba tare da takarda ba, kallon kyauta ake masa, ko daga Abuja ya fito ko daga Jidda.

Kada ka yi saurin zargin yaran. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, fetur ɗin injin ban ruwa ke cinye ribar mai noman rani, ga taki, ga kuɗin 'yan dashe da masu korar tsuntsu. Yana iya yiwuwa faɗuwar gaskiya ce. Abin da ya ɓata lamarin shi ne rashin littafi.

Da ni ne kai, bana ba zan zuba kuɗin a gona ɗaya ba. Zan sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, a haƙa ƙaramar rijiyar burtsatse a fadama inda ruwa ke kusa, yaran su shayar da tasu gonar, su kuma sayar wa maƙwabta ruwa. Idan hali ya yi, a ƙara da injin casa, domin lokacin girbi layi ake yi a kansa. Na fi son wannan don abu ne da ake gani da ido: ka ce a nuna maka shi ta WhatsApp, ga shi nan tsaye, ba wanda zai ce tsuntsu ya cinye shi. Kuma injin casa ɗaya ba mutum biyu kaɗai yake ciyarwa ba, akwai masu zuba dami, masu ɗinkin buhu, da masu dako. Sai dai faifan sola ɓarayi na sonsa, a tanadi mai gadi ko a riƙa kwashe shi da yamma.

Sauran kuɗin, idan akwai, ɗaya daga cikinsu ya sayi albasa a Aliero lokacin da ta yi araha bayan girbi, ya adana a rudu har ta yi tsada. Wannan sana'a tana son wanda ya san ta, domin albasa na ruɓewa. Ya fara bin wani tsohon hannu tukuna.

Yanzu maganar takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba raini ba ne ka rubuta da ƙaninka. Kuɗin fatauci ku yi shi ƙiradi: kai da jari, shi da aiki, riba a raba kashi-kashi yadda kuka amince tun farko, asara kuwa a kan jarinka take sai idan sakacinsa ne. Ku je wurin malami ya tsara muku, kawunku ko mai unguwa ya shaida. Injin ya zama da sunanka a rasit, kuma duk Juma'a su turo maka hoton shafin littafi: wa aka ba ruwa, nawa ya biya, me aka gyara.

Idan za su yi noman damina a fadama, tuna ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan. Su tambayi ofishin hukumar inshorar noma ta NAIC sharuɗɗanta kafin su shuka.