Amsa: ƙara faifan ajiya na SATA a tsohuwar kwamfuta

Malam, ka ce madabod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta) na Pentium 4 ne, ramin IDE (tsohon mahaɗin faifan ajiya) kaɗai gare shi, kuma kana son ƙara faifan SATA (mahaɗin da ya gaji IDE) mai 500GB. Zai yiwu. Nemi katin SATA mai shiga ramin PCI (inda ake soka ƙarin kati a madabod), amma ka buɗe akwatin ka tabbatar PCI ne, domin katin PCIe ba zai shiga ba.

Ni dai na fi son katin da ke da nasa BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows), irin masu guntun Silicon Image 3112 ko 3114. Da shi ne kaɗai za ka iya kunna Windows daga sabon faifan. Tsofaffin BIOS da yawa ba sa ganin fiye da 137GB, haka ma Windows XP kafin SP1 (babban sabuntawarsa na farko), to ka sabunta Windows ɗin tukuna. In za ka ɗora XP daga farko, riƙe direban katin (manhajar da ke sa Windows ya gane shi) a faifan fulofi, ka danna F6 da zarar XP ya tambaya.

Filogin wutar faifan ma daban yake, sai ka sayi ɗan mahaɗi daga Molex (filogin wutar tsofaffin faifai) zuwa SATA. Kada ka ɗauki mai araha sosai, wasu na narkewa. Kuma ka cire waya daga soket kafin ka taɓa komai a ciki.