Tambaya da Amsa: Injina Yana Zafi, Ruwan Bayansa Ya Ragu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kwalekwale mai injin Yamaha 40, ina jigilar fasinja da buhunan albasa a Yauri. Tun da ruwa ya janye bana injin yake zafi, ruwan da yake tsartowa ta baya kuma ya koma ɗigo-ɗigo. Wani abokin sana'a ya ce in ƙara baƙin mai a fetur, zai huce. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Yauri.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka sake ɗaukar mutane da injin nan sai an duba shi. Baƙin mai ba ya sanyaya inji, ruwan kogi ne yake wannan aikin. In ka ƙara mai fiye da ƙima, hayaƙi kawai za ka samu, fulogi ya yi baƙi, zafin kuma yana nan. Ma'aunin irin injinka shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato rabin lita a lita 25. Ka tsaya a nan.

Wannan tsartuwar da mu makanikai muke kira fitsarin inji, ita ce take gaya maka famfon ruwa yana aiki. Ka fara da mai sauƙi. Zura siririyar waya a ramin da ruwan yake fita, don laka takan toshe shi, zanzaro ma yakan yi gini a ciki in inji ya kwana biyu a ajiye. Sannan ka ɗaga ƙafar injin, wato sashen ƙasa da yake nutsewa a ruwa, ka duba ragar da take shan ruwa, ko leda ko ciyawa ta manne.

In ka yi haka bai canza ba, zargina yana kan impela. Wata 'yar roba ce mai fukafukai, tana zaune a saman gidan giya, ita take tura ruwa sama. Ba ta da maƙiyi kamar yashi. Idan ruwa ya janye kuna kutsawa ta kan tudun rairayi, farfela tana tayar da ƙasa, famfo yana zuƙa, yashin yana cin robar kamar ana goga ta a dutse. Abu na biyu da yake kashe ta shi ne tayar da inji a tudu don a ji ƙararsa. Ko minti ɗaya ba ta jurewa babu ruwa.

Shekarun baya an kawo mini wani inji a kan amalanke. Mai shi ya ga ruwan ya ragu, ya ce bari ya ƙarasa lodin ranar kasuwa. Injin ya ƙame a tsakiyar kogi, da mata da yara a ciki, da filafili suka lallaɓa gaɓa. Da na buɗe, fukafukan robar biyu kaɗai suka rage, fistin ya kama jikin silinda, fentin kan injin har ya sauya launi. Kuɗin da ya kashe ya ninka na roba sau da yawa, ga makonnin da ya yi a zaune. Har yau in na tuna fasinjojin nan gabana yana faɗuwa.

Idan za a canza, ka tsaya a kan makanikin. A ƙirga fukafukan tsohuwar, duk wanda ya ɓalle a nemo shi, don yakan maƙale a hanyar ruwa ya sake toshe ta. A duba farantin da robar take juyawa a kai, in ya yi zane a sauya shi tare. Kuma ka sayi ta asali, jabun ba ta kai ka ko'ina.

Tunda dama sai an sauke ƙafar kafin a kai ga robar, a kwance noti a duba man giya. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya yanke sil, wato abin da yake hana ruwa shiga gidan giya. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabon mai, har sai ya ɓullo ta na sama.

Daga yau in ka iso wurin da ba zurfi, ka kashe inji, ka ɗaga ƙafarsa, ka tura da gora. Ka rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya kiyaye hanya.