Shiga ɗakin maijego da takardar tambayoyi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ga saƙonki tun jiya bayan isha'i, amma wannan ba maganar da za a amsa a tsaitsaye ba ce shi ya sa na bari sai da na gama lazimin safe na zauna. Ya Yamai, ya zafi, ya karatun? Allah shi yi albarka.

Na fahimta. Kin ce memuwar ɗinki ta mastar, wato rubutun binciken da za ki kammala karatu da shi, a kan ciwon damuwa ce da ke kama mata bayan haihuwa, nan Damagaram za ki zo ki yi tambayoyin, kuma malaminki mai duba aikin ya ce kowace mace da kanta za ta sa hannu a takardar yarda. Shi ne kike tambaya wai al'ada ta yarda budurwa kamarki ta shiga ɗakin maijego kafin arba'in ta tambaye ta abin da ke ranta, kuma wa za ki fara roƙa, miji ko uwa ko ita matar.

To al'ada ba ta hana ki shiga ba, ɗakin maijego ma ai ɗakin jama'a ne, daga ranar haihuwa har suna ƙafa ba ta ɗaukewa, ƴan barka na shiga na fita. Shigar ba ita ce wuyar ba. Wuyar ita ce ki shiga ki fito da gaskiya, don za ki iya zaga gida ɗari daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam kowace ta ce miki lafiya lau alhamdulillahi, ki koma Yamai ki rubuta cewa matan Damagaram ba su san damuwa ba, alhali ni da na yi shekaru ina karɓar haihuwa a matanite na san ba haka ba ne ko kusa.

Bari in fara da ƙofa. Gidan da ke ba shiga, izinin shiga na maigida ne, ba kuma ke za ki je ki tsaya gabanshi kina zuba faransanci ba. Mai unguwa za a fara gaidawa, babanki ƙarami ya raka ki ko ya je a madadinki da takardar jami'a da ta kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke duba binciken lafiya, in mai unguwa ya sani limami ya sani to magidanta sun sani. Cikin gida kuma mai iko da ɗakin maijego ba mijin ba ne, tsohuwar da ke yi mata wanka ce, uwarta in ta zo goyon ciki gidansu, ko uwar miji, ko wata gwaggo da aka ɗauko don jegon. Ita za ki durƙusa ki gaida da kyau, ki tambayi ruwan zafi, ki tambayi jariri, ki sa mishi albarka, kar ki fiddo takarda a zuwan farko sam. Sabulu ko da guda biyu ne ki riƙe, barka ce kowa na kaiwa, amma ki faɗa wa malaminki tun yanzu ya sani, kuma ki ba wadda ta yarda da wadda ta ƙi daidai wa daida don kar ya zama kamar sayen baki.

Amma fa ki ji nan, malaminki yana da gaskiya. Miji ya buɗe miki ƙofar gida, tsohuwa ta buɗe miki ƙofar ɗaki, bakin maijego kuwa nata ne. In ta ce a'a, ko ta yi shiru ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, to a'a ɗin kenan ko da mijin ya ce ya ba ki izini sau goma. Matanmu ba su iya ce wa baƙo a'a ƙiri-ƙiri ba, ke za ki sauƙaƙa mata, ki ce in yau ba ki da sukuni ba komai wallahi, kuma ƙin naki ba zai taɓa awonki ko rigakafin yaronki ba. Wannan na ƙarshen ki maimaita shi, don da yawa tsoronsu kenan, kar a ce sun ƙi mutanen likita.

Sa hannun kanshi akwai magana. Mutanenmu in sun ga ana rubuta suna abu biyu ke zuwa musu, ko tsoron hukuma ko tsammanin rabon tallafi na furoje. Mai tsoro za ta ɓoye miki komai, mai tsammanin rabo za ta ƙara gishiri, duk biyun sun ɓata miki aiki. Ki faɗa da Hausa tsantsa cewa karatu ne, ba shinkafa ba kuɗi, kuma wadda ba ta rubutu ta dangwala da shaida a gefe bayan an karanta mata. Ɗaukar murya a salula kuwa ki roƙa daban, yanzu kowa na tsoron ya ji muryar matarshi tana yawo a WhatsApp.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, kunyar ɗan fari. Kin san yadda muke, yarinya ta haihu na fari ba ta faɗin sunanshi, ba ta ɗaukarshi gaban manya sai an miƙa mata an ce ke ba shi nono mana, ba ta dariya in an yabe shi, fuska a ɗaure kai a ƙasa, mu kuma mu ce kai wance akwai kunya, an yi tarbiyya. To wanda ya karanta littafi kawai in ya ga haka zai ce ga ciwon damuwa nan ƙarara, uwa ba ta kula ɗanta. Wanda ya san al'ada kawai zai ce kunya ce ko da yarinyar tana nutsewa. Ni na faɗa wannan rami na biyun kuma har yau in na tuna gabana na faɗuwa. Wata yarinya ce da ba ta fi shekara 17 ba, ni na karɓi haihuwarta, na je gidansu dubiya sau biyu, kullum tana kwance fuska ga bango, kunun kanwa ya huce a gefe ba ta sha ba, uwarta na ta alfahari wai ɗiyarta ko kallon yaron ba ta yi don kunya, ni ma na ce madalla na fito. Kakarta ce, tsohuwa da ko lakkol ba ta taɓa shiga ba, ta biyo ni har zaure ta riƙe min hannu ta ce yarinyar nan ba kunya ba ce, mai kunya in ɗaki ya watse tana jawo ɗanta ta shinshina shi ta yi mishi wasa a ɓoye, wannan kuwa ko ba kowa haka take, kuma ba ta barci, tsakar dare zaune nake ganinta tana hawaye. Kwana kaɗan bayan nan aka tsince ta da asuba tsaye bakin rijiya. Allah ya kiyaye, an kai ta gidan likita, ta sha magani ta warke, yaron nan yanzu magidanci ne. Abin da tsohuwar nan ta koya min shi nake ba ki, kunya gaban mutane take tsayawa, ciwo kuwa yana bin mace har cikin dare. Saboda haka kar ki tambayi yadda take gaban jama'a, ki tambayi yadda take in ta rage ita kaɗai da jaririn.

Takardar da kika turo min hotonta na gane ta, ma'aunin Edimbura ne na 1987 da ake gwada damuwar bayan haihuwa da shi, tambaya 10 a kan kwana 7 da suka wuce. Yana da kyau, amma a Iskotilan aka yi shi don matan da ake tambaya kai tsaye su amsa kai tsaye. Tambayar farko ma a kan dariya ce, ko tana iya dariya kamar da, to amaryar da ta yi haihuwar fari ga uwar miji zaune me za ta ce? Matanmu da jiki suke faɗin ciwon rai. Za ki ji kaina ya yi nauyi, gabana na faɗuwa ba dalili, jikina ya mutu, abinci ba ya min daɗi, tunani ya min yawa, zuciyata a ƙuntace take, wani abu ya tokare min ƙirji. Ki tanadi littafi daban ki rubuta waɗannan kalmomi yadda suka fito daga bakinsu, kar ki mai da su faransanci nan take. Ba na ce ki sake tambayoyin da kanki ba fa, wannan ba hurumina ba ne ba naki ke kaɗai ba, ki kai wa malaminki ku zauna a fassara zuwa Hausa, wani daban ya sake mayarwa faransanci a ga ko ma'ana ta zame, sannan ki gwada a kan mata kaɗan kafin ainihin aikin. Kalmar hauka kuwa kar ta fito bakinki a gidan kowa, ko taɓin hankali. Gidan da aka ce akwai hauka kin san har auren ƙannenta sai ya taɓu. Ki ce kina bincike kan lafiyar uwa da kwanciyar hankalinta bayan haihuwa, gaskiya ce kuma ba ta kori kowa ba.

Tambaya ta 10 ita ce mai nauyi, wadda ke tambayar ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Musulma ta san kashe kai haramun ne, za ta ce a'uzubillahi da sauri ko da tunanin na cinta. Ki bi a hankali, ki ce wasu matan in ƙunci ya yi yawa sukan ji da ma ba su a duniyar, ke kin taɓa jin haka? Ki yi shiru ki jira, kar ki cike shirun da surutu. In ta ce e, to daga nan ba maganar memuwar ba ce kuma, rai ne a hannunki. Tun kafin ki baro Yamai ku yanke da malaminki wa za ki kira, wa ke ganin masu irin wannan a babban gidan likita na Damagaram, wa zai biya kabo-kabo, kuma ki faɗa wa kowace mace tun farko cewa sirrinta amana ne sai dai in kin ji tsoron ranta ko na jaririn, nan dole ki nemi taimako. Akwai kuma wani ciwon daban mai saurin gaske, mace 1 ko 2 cikin haihuwa 1000, hankali ya gushe cikin kwanakin farko tana ganin abin da ba a gani tana sambatu, wannan ba a jira da shi ko kwana ɗaya.

Za su ce miki iska ce, ko sammu, ko bakin mutane, za ki tarar ana rubutu ana tofi ana hayaƙi, wasu gidan ruƙiyya wasu har gidan bori a ɓoye. Kar ki yamutsa fuska, ki tambaya ki rubuta, don in ba ki san inda suke fara zuwa ba ba ki san komai ba game da ciwon. Da muna horo an ba mu labarin Dakta Lambo na Abekuta a Najeriya, wanda tun 1954 ya riƙa sauke marasa lafiya a ƙauyukan Aro tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, ga shi cikakken likitan ƙwaƙwalwa da ya yi karatu a Ingila. Ni abin da nake ce wa iyaye shi ne a ci gaba da addu'a a haɗa da likita, ba wanda ya taɓa korata kan wannan. Inda ba na sassautawa shi ne ɗauri da duka, in kin ga an ɗaure mace ko ana dukanta wai a fidda iska, ki kira ni a ranar.

Lokaci kuma, makon farko ki kai barka kawai. Safe da yamma lokacin wanka ne kar ki je, hantsi zuwa azahar ya fi. Ni da za ki bi tawa ki sa ainihin hirar dab da arba'in, ƙafa ta ɗauke, tsohuwa ta kusa komawa gidanta, kuma ya zo daidai da rigakafin sati 6 da uwa ke kai yaro, in gida ya ƙi ba ku wuri sai ki roƙi ɗaki a can wurin rigakafin ku keɓe. Zancen budurci kuwa gaskiya ne, wasu za su ce me wannan ta sani ita da ba ta taɓa naƙuda ba. Kar ki yi musu, ki ce shi ya sa na zo ku koya min. Ki sa hijabinki, farar rigar aiki ki bar ta a jaka. Ni zan raka ki zuwan farko, in gaisa in ja tsohuwa waje da hira ku samu sarari.

Sai amana. Damagaram babban gari ne amma kowa ya san kowa, in kika rubuta matar mahauci ta uku a unguwa kaza mai tagwaye to kin faɗi suna ko ba ki faɗa ba. Lamba za ki sa, littafin sunaye ki kulle shi daban, kuma ko ni gwaggonki in na tambaye ki me wance ta ce, ki ce min ba ki da izini. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malaminki ki girmama shi kamar yadda aka koya miki, amma ladabi ba shi ne ki ɓoye mishi abin da kika gani ba, duk sati ki aika mishi abin da ya faru har da wanda bai yi daɗi ba, matan da suka ƙi, gidan da aka hana ki, don ranar sutnans, ranar da za ki kare aikinki, malaman juri masu yanke hukunci za su tambaya kuma shi zai tsaya bayanki. In an gama kuma ki dawo ki faɗa wa matan nan da Hausa abin da kika samu, ko a tsakar gidan mai unguwa ne, sun ba ki abin da ba su ba mazansu ba.

Ki faɗa min ranar da za ki hau mota in sa a share miki ɗakin baya. Ki taho da takardar tambayoyin kofi biyu, ina so mu zauna ni da ke da ungozomar unguwarmu mu bi ta ɗaya bayan ɗaya kafin ki taka gidan kowa. Ki gaida ƴan ɗakinku.