Ɗana, ga dalilin da ya sa ba ma ɗaukar hawainiya in ta ji ciwo

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni jiya da dare, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na kwanta. Ka ce hawainiyarka ta faɗo daga saman keji yau kwana uku ke nan, jikinta ya yi duhu, ta ƙi cin abinci, in ka matso sai ta wangale baki tana huci. Zuciyarka ta ba ka ka fito da ita ka riƙe ta a tafin hannu ka ɗura mata ruwa, amma waɗanda suka riga ka shiga harkar sun ce a al'adar masu kiwonta ba a taɓa ta, rufe keji ake yi a ƙyale ta. Kana tambaya ko al'adar tana da tushe, ko kuwa rashin tausayi ne kawai aka sa wa suna.

Tana da tushe, ni ma a kanta nake tun da na san ciwon kaina a wannan kiwo. Sai dai rabi aka gaya maka, kuma rabin da aka bari shi ne yake iya kashe ta in ba ka sani ba.

Hawainiya ba kyanwa ba ce da za ta ji daɗin shafa. Ita kaɗai take rayuwa, ko 'yar'uwarta ba ta son gani sai lokacin barbara, kuma daga ranar da ta fito daga ƙwai ba uwar da ke rainonta. A daji duk abin da ya damƙe ta daga sama, tsuntsu ne ko maciji. To hannunka, komai kyan niyyarka, a idonta daga sama yake zuwa. Kai kana ganin lallashi kake yi, ita kuwa tana ganin ajalinta ne ya zo. Dabbar da ke cikin wannan firgici ba ta ci, ba ta sha, kuma jikinta ba ya samun sukunin warkar da rauni. Wangale bakin nan da hucin, da kumbura wuya, da baje jiki don ta ƙara girma a idonka, duk magana ɗaya take yi, ka ja baya.

Duhun jikin ma magana ce. Mutane sun ɗauka tana canza launi ne don ta saje da abin da ta hau, alhali mafi yawa yanayin zuciyarta da zafi ko sanyin jikinta ne ke fitowa a fata. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba sun nuna cewa a fatar wata hawainiyar Madagaska akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli jere a cikin fata, in tazarar da ke tsakaninsu ta canza sai launin da ido ke gani ya canza. Da safe takan yi duhu don ta sha zafin fitila, wannan ba komai ba ne, in jiki ya ɗumama zai wuce. Wanda ke tsorata ni shi ne duhun da ya wuni ya kwana.

Ni da kaina na koyi wannan darasi da tsada. Hawainiyata ta farko, irin ta ƙasar Yaman ce mai tozo a ka, ta maƙale a ragar keji wata rana, ni kuma ina gaggawar in duba ƙafarta. Na kama ta na ja. Ba ta saki ba, domin hawainiya ba ta saki, sai farcenta biyu suka tsaya a raga. Jinin bai fi ɗigo ba, amma har ta mutu wannan ƙafar ba ta sake kama reshe yadda ya kamata ba, kuma duk lokacin da na gan ta tana laluben reshe da ita sai raina ya ɓaci. Daga ranar ban sake cizge hawainiya daga inda ta riƙe ba. In dole sai an ɗauke ta, sanda ake kawowa ta ƙarƙashin haɓarta, a jira ta hau da kanta, da irin tafiyarta. Ka kuma riƙe wannan: wutsiyarta ba irin ta ƙadangare ba ce, in ta guntule ba ta sake tsirowa.

Yanzu ga rabin da ba a gaya maka ba. Hannu aka hana ka kai mata, ba a hana ka sa ido ba, ba a kuma hana ka zuwa wurin likita ba. Na ga mutane da yawa sun fake da wannan al'ada sun rufe keji sun tafi harkarsu, bayan mako guda su buɗe su tarar da gawa. Wannan sakaci ne, kada ka yarda a kira shi al'ada.

Tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce, me ya kayar da ita? Hawainiya mai lafiya da wuya ta faɗo. Yatsunta biyar a kowace ƙafa haɗe suke gida biyu, biyu a gefe uku a gefe, kamar awartaki, ga wutsiya tana naɗe reshe. In irin wannan halitta ta suɓuce, sau da yawa ciwon ya riga faɗuwar. Abin da na fi zargi shi ne laushin ƙashi. Tana bukatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da idonmu ba ya gani, don jikinta ya haɗa bitamin D3, da shi ne kalsiyam ke shiga ƙashi. In babu, sai ƙasusuwa su yi laushi, riƙo ya yi rauni, muƙamuƙi ya lanƙwashe, harshen da ke iya kai tsawon jikinta har ninki biyu ya kasa harbawa daidai. Ka tsaya daga nesa ka dubi ƙafafunta na gaba. Ƙafa mai lafiya miƙaƙƙiya ce da gwiwa ɗaya, in ka ga ta lanƙwasa kamar baka, ko tana rawa in ta ɗaga, ko tana kama ƙafarta da ɗayar ƙafar a zaton reshe ne, to shi ne. Ka faɗa mini gaskiya, yaushe ka canza ƙwan fitilar UVB ɗin? Yakan ci gaba da haske alhali ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa ake canza shi tsakanin wata 6 zuwa 12. Kuma in akwai gilashi tsakaninsa da ita, aikin banza ne, gilashi yana tare wannan hasken. Haka ranar da ke shigowa ta tagar gilashi.

Ba ka ce mini mace ce ko namiji ba, kuma wannan babba ne. Macen hawainiyar Yaman tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, kuma da yawa take yi, wani lokaci fiye da 30. In ka ga ta sauko ƙasa tana kai-kawo tana tono, wurin binnewa take nema. Ka sa mata bokiti da ƙasa ko yashi mai danshi, zurfinsa kamar santimita 30, ka kauce kada ta gan ka, domin in ta ga ana kallonta takan bar ramin. In ƙwan ya maƙale a ciki, mutuwa ce sai in likita ya sa hannu.

Kafin ka samu likita, ka gyara mata wuri. Ka sauko da rassan ƙasa-ƙasa yadda ko ta sake faɗowa ba nisa, ka shimfiɗa tawul mai taushi a ƙasan kejin. Ka rufe gefe uku da zane ka bar sama da gaba don iska da haske. Kejin kansa ka ɗora shi a wuri mai tsayi, domin hankalinta ya fi kwanciya in tana kallon mutane daga sama. Ka nisanta ta da kyanwa, da yara masu leƙe, da madubi, saboda hoton kanta ma abokin gaba ne a wurinta. In kana da wata hawainiyar, kada su riƙa hango juna. Wurin shan ɗumi ya tsaya wajen digiri 29 zuwa 32 in irin ta Yaman ce, ka auna da ma'aunin zafi, kada ka yi kintace da hannu. Tunda ka sauko da rassa sai ka sake aunawa. Hasken ya yi awa 12, dare kuma ya zama dare, ba fitila ko ja ko shuɗiya.

Maganar ɗura ruwa kuwa, don Allah ka bar ta. Ƙofar numfashinta a cikin baki take, ta ƙasa, in ka matsa ruwa da sirinji yana iya wucewa huhu, garin neman gira a rasa ido. Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba, raɓa da ɗigon ganye ta sani. Ka fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, ka daɗe kana fesawa, ganyen kake nufi ba fuskarta ba. Da farko za ta kauce tana harararka da ido ɗaya. Bayan minti biyu ko uku sai ka ga maƙogwaronta ya fara motsi a hankali, bakin ya ɗan buɗe, ta kai shi bakin ganye inda ɗigo ya taru. Mutane da yawa sukan daina fesawa daidai lokacin da ƙishin ke tashi. Ka huda ƙasan kofi da allura ka ɗora a saman keji ya riƙa ɗiga kan ganye, wannan ma yana aiki. Kashinta zai ba ka labari: farin abin da ke fita tare da shi fitsarinta ne, in fari ne tas tana samun ruwa, in ya koma ruwan lemo a bushe take. Haka in idanun sun faɗa ciki.

Ƙin cin abinci na 'yan kwanaki bai dame ni kamar ƙin shan ruwa ba, in babba ce. Ka sa mata gyare biyu ko uku a kofi, ka barbaɗa musu garin kalsiyam, wanda ba ta ci ba ka kwashe kafin dare. Gyare mai yunwa yana gatsar hawainiyar da ba ta iya guje masa.

In akwai ƙujewa a fata, ruwan gishirin wanke ciwo ya isa, ko aidin da aka tsarma da ruwa sosai, a shafa da auduga tana kan reshenta. Ban da man zafi, ban da maganin ciwon jiki na mutane, ban da ɗaure ƙafa da tsinke a gida. In ka ga tabo mai toka-toka ko baƙi a tozon kanta ko a gadon baya, ƙunar fitila ce, ka ɗaga fitilar sama nan take.

Abin da ka kwatanta mini, faɗuwa da duhun kwana uku, ya isa a kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san masu rarrafe, a ɗauki hoton ƙashi. Ba na so ka wuce gobe. In kuwa ka ga tana rufe ido da rana, ko ta ɗaga kai sama tana numfashi ta baki da kumfa, ko ƙafa ta kumbura tana lilo, ko harshe ya fito ya ƙi komawa, to yau za ka tafi. Waɗannan dabbobi suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu, ranar da ka gani da ido ya riga ya yi nisa. Ka sa ta a ƙaramin kwali mai 'yan hudoji, tawul a ƙasa, da sanda a soke daga bango zuwa bango don ta samu abin riƙewa, ka rufe. Duhu yana sa ta barci, tafiyar sai ta zo mata da sauƙi. Kada ka bar kwalin a rana ko a cikin mota a rufe. In kun dawo ka wanke hannu da sabulu, haka kuma duk lokacin da ka taɓa kejin.

Yau da dare, bayan ka kashe fitila da kamar awa ɗaya, ka leƙa da ɗan haske kaɗan. Hawainiyar da ke samun sauƙi za ka same ta a kan reshe, jikinta ya yi haske fiye da na rana, ƙafa huɗu sun riƙe gam, wutsiya a naɗe tsaf. In a ƙasa ka same ta kwance, har yanzu da duhunta, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ka kuma turo mini hoton ƙafafunta na gaba, da na kashinta, da sunan ƙwan fitilar da kake amfani da shi, kafin ka tafi wurin likita.

Allah ya ba ta lafiya. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka